Ƙullin Baba Cindo

In ka ga mutum a kan hanyar Tasawa zuwa Urafane bisa wani jan moto, wato babur, mai tari, jaka rataye a kafaɗa, fuska a murtuke tun kafin rana ta yi zafi, to Ɗahiru ne, ba sai ka tambaya ba. Maginan rijiya da yake aiki da su sun daina kiran sunansa, Sekirite suke ce masa, wato mai tsaron lafiya da Faransanci. Ba kuma don yabo suka laƙaba masa ba.

Ɗan Korgom ne. Ya yi lekol, wato makarantar boko, har ya kai koleji, sai mahaifinsa ya rasu, karatu ya tsaya nan. Yana da shekara goma sha tara Baba Cindo, aminin mahaifin nasa, ya zo ƙofar gidansu ya ce wa uwarsa ta ba shi yaron, ya koya masa abin da zai riƙe gida da shi. Baba Cindo kuwa ba ƙaramin mutum ba ne a wannan sana'a. Daga Bawdeta har ƙasar Mayahi, inda ruwa ke gaba arba'in ko hamsin a ƙarƙashin rairayi, da wuya ka sha ruwan rijiyar da bai sauka cikinta ba. Shekara goma sha biyu Ɗahiru ya yi a bayansa. A hannunsa ya koyi gane ƙasa mai riƙo da mai zuba, a hannunsa ya koyi jera zoben siminti, kuma ranar da ya auri Rahina, Baba Cindo ne ya karɓa masa auren.

Abin da ya raba shi da diga shi ne iya karatun Faransanci. Alhaji Sirajo, mai ɗan kamfanin da suke wa aiki a Tasawa, ya samu kwangilar rijiyoyi daga wani forje, wato shirin wata ƙungiyar raya karkara, su kuwa masu forjen suka ce ba za a sara ƙasa ba sai kamfani ya naɗa mai kula da lafiyar ma'aikata. Alhaji ya duba cikin mutanensa, ya ga Ɗahiru kaɗai ne zai iya cika takarda. Aka tura shi Maraɗi horo na sati uku. Ya dawo da satifika da jaka da littafin dokoki, da kuma wani abu da Alhaji bai aike shi ya ɗauko ba: ya yarda da abin da aka koya masa. An nuna musu hotunan mutanen da suka faɗa rami, ya kuma tuna da mutum biyu da shi kansa ya taimaka aka fiddo gawarsu.

Wahalarsa daga nan ta fara. Ya raba hular kwano, ya dawo bayan kwana uku ya tarar ana dama fura a cikin ɗaya. Ya raba takalman aiki masu ƙarfe a baki, mutane suka ga sabbi ne fil, suka adana su sai ranar kasuwa, suka ci gaba da shiga rami da silifa. Ya hana a tada injin jan ruwa a bakin rijiya alhali akwai mutum a ƙasa, saboda hayaƙinsa sauka yake yi, sai aka riƙa jira ƙarar motonsa ta yi nisa sannan a tada. Doka ta ce duk mai sauka rami likita ya duba shi sau ɗaya a shekara. Takardun rabin ma'aikata sun ƙare tun bayan girbi, kullum ya tuna wa Alhaji sai ya ce sati mai zuwa. Shi kuwa kwantirola, mai zuwa daga forje duba aiki, ba ya leƙa rijiya. Zai zauna a inuwa, ya buɗe takardu, in ya ga kowane gurbi da sa hannu ya ce aiki ya yi kyau, ya sha ruwa ya shiga mota. Ɗahiru kan tsaya yana kallon motar har ta ɓace, ransa na ƙuna, don ya san takarda ba ta taɓa riƙe mutum a igiya ba.

Duk wannan da sauƙi. Da naci da faɗa da roƙo, a shekara biyu ya sa an saba da hula, an saba da ɗamarar da ake ɗaurawa a ƙirji da cinya, mai zoben ƙarfe inda ake ƙulla igiya. Abu ɗaya ne ya gagara, shi ne kuma ya fi kowanne muhimmanci.

A wajen maginan rijiya, mai sauka shi ke ƙulla wa kansa igiya. Haka suka gada. Ranka ne, hannunka ne zai ɗaure shi. Ba mai taɓa ƙullin wani, balle ƙarami ya kai hannu kan na babba. In ka yi haka, ka gaya wa mutum a gaban jama'a cewa bai iya sana'arsa ba, ko kuma ya tsufa. An sha yin gaba ta shekaru a kan wannan. Dokar aiki kuma ta ce kafin kowa ya sauka, mutum na biyu ya duba ƙullin, ya ja shi da ƙarfi, sannan mai kula ya sa hannu a fishi, wato takardar da ake cikawa kowace safiya.

Samarin dai Ɗahiru yana duba nasu, suna gunaguni suna kau da kai. Na Baba Cindo kuwa bai taɓa ba. Shekara biyu cur yana sa hannu a gurbin tsohon ba tare da ya kai yatsa kan igiyarsa ba. Ƙarya ce yake rubutawa kowace safiya, ya sani, amma yana lallashin kansa da cewa ƙullin da ya riƙe mutum shekara arba'in ba ya buƙatar idon ɗalibi.

A wani ƙauye gabas da Urafane lallashin ya ƙare. Rijiyar ta kai gaba arba'in da biyu, an iso ruwa, saura aiki mafi wuya, wato zaunar da zobban ƙarshe a cikin rairayi mai gudu. Wannan aikin Baba Cindo ne, ba a ma tambaya. Da hantsi suna hutawa a gindin gawo, aka miƙa wa tsohon kofin shayi, ya karɓa da dama, kofin ya zame ya faɗi. Aka yi dariya, ya ce zafi ne. Ɗahiru bai yi dariya ba. Ya fara lura. Ya ga yadda tsohon ke fasa goro da hagu yanzu. Ya ga ya daɗe yana fama da maɓallin aljihu. Ya ga da ya idar da salla carbi na kufce masa, yana murza yatsun dama a cinya kamar mai son tada su daga barci.

Ya fara da Alhaji. Ya same shi a biro, wato ofishinsa, a Tasawa ya gaya masa damuwarsa.

Alhaji ya ce, “Kai Ɗahiru, wa za shi zaunar mani da zobban in ba shi ba? Damina na tahe, masu forje na kirana kullum. Ka yi sinye, ka sa hannu kamar yadda ka saba.”

“Alhaji, in wani abu ya hwaru fa?”

“Allah shi kiyaye. Shekara nawa yana sauka ba kai ba takardarka?”

Ya fito yana cije baki. Mutum ya tura ka ka koyo doka, ranar da ka zo masa da ita kuma ya ce ka maida ta jaka.

Sai ya gwada dabara. Washegari ya sa ɗamara da kansa, ya ƙulla igiya, ya kira Muniru, ɗaya daga cikin maginan, wanda ya girme wa da shekara biyar, ya ce ya zo ya duba masa a gaban kowa. Muniru ya duba cikin jin kunya. Ɗahiru ya ɗaga murya ya ce ga shi nan, bai ragu da komai ba, kowa ma ana iya duba nasa. Baba Cindo yana zaune kan buhun siminti yana kallo.

Ya ce, “Ka kyauta. Wanda bai yarda da hannunshi ba, gara a duba mashi.”

Aka kwashe da dariya, dabara ta mutu.

Da la'asar ya bi tsohon bayan rumfar da suke kwana, inda ba kowa. Ya durƙusa kamar yadda ya saba tun yana saurayi.

“Baba, alfarma nike roƙo. Gobe in ka ƙulla, ka bari in duba. Ba a gaban mutane ba, nan baya, ni da kai.”

“Wa ya koya maka ƙullin?”

“Kai ne, Baba.”

“To mi za ka duba?”

“Na ga hannunka na dama kamar...”

“Hannuna mi ya yi?”

Yadda ya yi tambayar ya sa Ɗahiru ya haɗiye sauran maganar. Tsohon ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, “Ubanka bai taɓa yi mani wagga magana ba. Tashi ka tahi.”

Ranar ya koma gida Korgom. Rahina ta ga ya ture tuwo, ta tambaye shi, ya gaya mata komai. Ita ma ba ta sauƙaƙa masa ba.

Ta ce, “Mutumen da ya tsaya maka a matsayin uba? Ka taɓa mashi igiya gaban mutane, da wane ido zan shiga gidanshi in gaida Inna matarshi?”

“In ya hwaɗa fa, da wane ido za ki shiga?”

Ta kwashe kwanon. Haushin kowa ya kama Ɗahiru: haushin Alhaji, haushin kwantirola, haushin tsohon da taurin kansa, haushin wanda ya zauna a biro mai sanyi ya rubuta doka bai san wa za a aika ya kai hannu kan igiyar wa ba. Ya fi jin haushin kansa, da ya yi shekara biyu yana sa hannu don tsoron wannan rana.

Da safe mutanen ƙauyen sun taru, maza da mata, don an ce yau za a zaunar da zobban ƙarshe. Shekara da shekaru matansu na tafiyar awa guda neman ruwa. Mai gari ma ya zo, an shimfiɗa masa tabarma. Mutum huɗu suka kama hannun ƙarfen jan igiya. Baba Cindo ya sa hula, ya sa ɗamara, ya juya wa jama'a baya kamar yadda yake yi kullum, ya ƙulla. Ya ɗan daɗe. Ya yi bisimilla, ya zauna a bakin rijiyar, ya zura ƙafafu ciki.

Ɗahiru yana tsaye da fishi da alƙalami a hannu. Gurbin na nan fari, jiran sa hannu kawai yake. Ya ajiye takardar a ƙasa, ya ɗora dutse a kai, ya taka ya je ya durƙusa kusa da tsohon.

“Baba, ka gahwarce ni.”

Ya kai hannu ya kama ƙullin.

Wata tsohuwa ta yi salati a hankali. Muniru ya saki hannun ƙarfen ya ce, “Sekirite, ka san abin da kake yi kuwa?”

Ɗahiru bai ji shi ba, hankalinsa na kan abin da yatsunsa suka taɓa. Ƙullin da Baba Cindo ya koya masa, zagaye biyu ne a kan zoben, a koma a soke wutsiyar igiyar, a matse, a bar wutsiyar tsawon taƙi guda. Wannan zagaye ɗaya ne. Wutsiyar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, kuma ba a matse ba. Da ya ɗan ja, sai ya ji ta motsa a tafin hannunsa. Zai riƙe mutum gaba biyar, wataƙila goma. Ba zai kai shi arba'in da biyu ba.

Tsohon ma ya ji motsin a ƙirjinsa. Ya sunkuya ya dubi igiyar, ya ɗago ya dubi Ɗahiru. Babu fushi a idonsa a wannan lokacin, tsoro ne, kuma Ɗahiru bai taɓa ganin tsoro a wannan fuska ba. Ba tsoron ramin ba ne, tsoron mutanen da ke tsaye a bayansu ne.

Nan Ɗahiru ya ga abin da ke hannunsa. In ya buɗe tafin nan ya ce ku zo ku gani, shi ke nan, ya wanke kansa. Shekara biyu na gori da dariya za su ƙare a take, ba wanda zai sake musa masa doka. Amma kafin azahar labari zai kai Urafane, kafin sati ya kai Mayahi, cewa Cindo ya kasa ƙulla igiyarsa, kuma da shi za a riƙa tunawa da mutumin, ba da rijiyoyinsa ba. Ya yi tunanin ya gyara ƙullin shiru ya bar shi ya sauka. Wannan ma ba hanya ba ce, don a ƙasa sai ya kwance ya yi aiki, sannan ya sake ƙullawa shi kaɗai, a wurin da ba mai duba masa.

Ya rufe ƙullin da hannu biyu, ya warware shi gaba ɗaya kafin kowa ya matso. Ya miƙe da igiyar a hannu, ya ɗaure fuska, ya yi magana da irin muryar da suka tsana.

“Takardar likita ta Baba ta ƙare. Doka ta hana shi sauka, kuma ba ni sa hannu.”

Muniru ya ce, “Tawa ma ta ƙare, jiya ka bar ni na sauka.”

“Yau ba jiya ba ce. Kuma doka ta hi tsanani ga wanda ya wuce sittin.”

Wannan na ƙarshen babu shi a littafin, a nan ya ƙirƙira shi. Hayaniya ta tashi. Mai gari ya ce a yi haƙuri a bar dattijo ya yi aikinsa, Ɗahiru ya ce ba zai yiwu ba. Wani ya ce ai dama wanda ya shiga lekol ba ya ganin kowa da gashi. Wani ya ce butulu, bai ma rage murya ba. Baba Cindo ya janye ƙafafunsa daga rijiyar, ya cire hula ya ajiye, ya cire ɗamara ya ninke ta da kyau, ya ɗauki sandarsa ya nufi hanya. Muniru ya bi shi da moto ya kai shi gida.

Sai da Ɗahiru ya kwashe waɗanda takardunsu suka ƙare ya kai su likita a Tasawa, don kada maganarsa ta zama son kai a fili, aikin ya tsaya kwana huɗu. Alhaji ya yi masa tatas a waya. Da aka dawo, shi da Muniru suka zaunar da zobban, kwana shida suna fama da abin da tsohon zai gama a biyu. Rijiyar ta ba da ruwa. Kwantirola ya zo ya buɗe takardu, ya ga gurbi ɗaya babu sa hannu a wata safiya, ya ce a riƙa kula da cika fishi.

Baba Cindo bai je likita ba, bai kuma sake zuwa shantiye, wato wurin aiki, ba. Ɗahiru ya je gaida shi sau uku, ana cewa yana hutawa. Rahina ta yi wata guda tana ajiye masa abinci ba magana. Bai gaya mata abin da ya taɓa a ƙullin ba. Ya san ta da son wanke mijinta, in ta ji yau, gobe maƙwabta sun ji. A wurin aiki kuwa yanzu kowa na miƙa masa igiya ya duba, har manyan, amma ba mai kiransa shan shayi. Dokar da ya yi shekara biyu yana nema ta zauna daram, shi kuma yana cin abincinsa shi kaɗai a kan moto.

Bayan damina matar Muniru ta haihu, aka yi suna a Korgom. Ɗahiru ya je da safe, ya samu gefen tabarma ya zauna. Baba Cindo na tsakiyar dattawa, ya ɗan rame, hannunsa na dama na cikin aljihun riga bai fito da shi ba ko da aka raba goro. Bayan an shafa fatiha hira ta koma kan rijiyoyi, wani baƙo daga Bawdeta ya tambayi tsohon dalilin da ya sa ya ajiye aiki da sauran ƙarfinsa.

Baba Cindo ya ce, “Ban ajiye ba, kora ta anka yi. Shekara arba'in da ukku ina sauka, ƙullina bai taɓa zamewa ba ko sau guda. Wanda na koya mawa da hannuna, shi ya zo da takardar Nasara ya tada ni daga bakin rijiya gaban mata.”

Mutane suka yi ta girgiza kai. Waɗanda suka san Ɗahiru suka juyo suna dubansa. Tsohon ma ya juyo. Ya san Ɗahiru na wurin tun farko.

“Ga shi nan zaune, ku tambaye shi. Ɗahiru, ko ƙarya na yi?”

Muryar a dake take, amma idon irin na ranar nan ne a bakin rijiya. Ɗahiru ya ji maganar ta taso masa har maƙogwaro, haɗe da hujjarta, zagaye ɗaya da wutsiya guntuwa. Ya gaji da zama mugu a garinsu. Ya dubi aljihun da hannun ke ciki, ya sunkuyar da kai.

Ya ce, “Gaskiya ne, Baba. Haka anka yi.”

Baƙon ya yi tsaki ya ce Allah ya shirya 'ya'yan zamani, aka amsa da amin. Baba Cindo ya kau da kai ya ci gaba da ba su labarin wata rijiya da ya gina a ƙasar Mayahi shekarar fari. Ɗahiru ya jira har ya kai ƙarshen labarin, don tashi a tsakiyar maganar babba rashin ladabi ne, sannan ya nemi takalmansa. Mutum bakwai na jiransa a wata sabuwar rijiya kusa da Bawdeta, ba mai sauka sai ya iso.